Lomar Farko

Inna ba ta kiran sunan Yaya. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Zongon Kwatano wannan ba abin wasa ba ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauka a nan tun da daɗewa, abubuwa da yawa kuma sun zube mana a hanya. Hausarmu ta sha Faransanci har 'yan kasuwar da ke zuwa daga Kano suna kama ciki in mun buɗe baki, tuwonmu ya koma na masara, amma kunyar ɗan fari ko gezau ba ta yi ba. Ana yaye Yaya kakarmu ta ɗauke shi. Ya girma a gida ɗaya da uwarsa, amma ban taɓa ganin ta zauna kusa da shi ba, balle ta yi masa hira. In maganarsa ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "mai ɗakin ƙofa", tana kawar da kai.

Yaya kuwa mutum ne a lokacinsa. A tashar jiragen ruwa yake aiki, yana kai motocin da aka sauke har iyakar arewa, ya dawo da wagashi, cukun Fulanin can, da labarai. Ɗan gayu ne, tun daga bakin lungu ƙamshin turarensa ke yin sallama. Bayan rasuwar babanmu ne ya fara ƙin barci. Daga nan ya ce ana bin sa, ya ce rediyon maƙwabta da shi take magana, ya toshe tagar ɗakinsa da kwali. Mun sha zagaye. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yanka abin da aka ce a yanka, kafin mu dangana da asibitin masu taɓin hankali. Can aka gaya mana gaskiyar da ba mu so ji ba, cewa ciwon nan zama ya zo yi, sai dai a lallaɓa shi da magani kamar ciwon suga.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abinci. Yaya ya kafe a kan cewa ana zuba masa guba. Na kai masa ya ƙi, kakarmu kafin ta rasu ta roƙe shi da hawaye ya ƙi, ya rame har wandonsa ba ya tsayawa. Wata safiya Inna ta ɗauki kofin koko, ta ɗaga labulen ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, ta durƙusa a gabansa. Ta kurɓa, ta haɗiye yana kallo, ta miƙa masa. Ya daɗe yana duban wuyanta, sannan ya karɓa ya shanye. Ranar har guɗa aka yi a tsakar gida, ni ce ma na fi kowa ɗaga murya. Ba wanda ya hango cewa daga ranar Inna ta gama fita.

Don kuwa daga nan ba ya cin komai sai ta fara ci a gabansa, safe da rana da dare. Ko ruwan leda aka sayo sai ta huda ta kurɓa. Ta bar sayar da shinkafa da waken da take yi a bakin titi, don ba ta iya tsayawa a kan tukunya hankalinta na ɗaki. Suna ya wuce ta, biki ya wuce ta, gaisuwar mutuwa ma a tsaitsaye take yi ta juyo. A Zongo kuwa zumunci a ƙafa yake, wanda bai je na mutane ba a hankali ake daina aiko masa goron gayyata. Matar da a da in ba ta iso gidan biki ba ba a ɗora tukunya, sai ga ta duniyarta ta tsaya tsakanin murhu da labulen nan, shekara da shekaru.

Masu ba da shawara dai ba mu rasa su ba. Kowa likita ne a unguwarmu. Wannan ta zo da sunan wani malami a Jugu, waccan da kwalbar wani ruwa, kawunmu ya ce a kai shi ƙauye wurin mai maganin da ke sa mari a ƙafa. Inna ta dube shi sau ɗaya, bai sake tayar da zancen ba. Kowa in zai tashi sai ya ce, "Allah ya ba ki lada, Inna." Na sha cewa a raina, da ladan nan katifa ne da tuni baiwar Allah ta miƙe a kai ta yi barci. Kwanon abinci suna aikowa, ban ci amanarsu ba. Amma ba a taɓa samun wadda ta ce, je ki huta, ni zan zauna ba. Ko an samu ma, me za ta zauna ta yi, tunda ba zai ci daga hannunta ba?

Ni ina aure a Gbégamey, ina da rumfar atamfa a Dantokpa. In na tashi kasuwa nakan biya gida in yi shara, in wanke kayansa, in tambayi Inna gajiya ta ce babu. Ina ganin tana canzawa. Hannunta ya fara rawa har koko yana zuba, tafiyarta ta yi nauyi, da hantsi sai in tarar tana gyangyaɗi a zaune bakin murhu, ita da a da ko zazzaɓi ba ya kwantar da ita da rana. Muka ce tsufa ne. Shi ma Yaya jikin nasa yau lafiya gobe babu, maganin kamar yana aiki kamar ba ya yi.

In lokacin ganin likita ya yi mu uku muke zuwa. Dole Inna ta bi mu, don ba ya hawa mota sai da ita, amma ni ce bakin. Ita takan zauna a gefe ta ja mayafi, don ba za ta zauna gaban baƙo tana zancen ɗan fari ba. Likitocin da muka saba gani ni suke tambaya, in ba su amsa, su rubuta ordonans, takardar magani, mu kama hanya. Sai wata rana muka tarar da sabuwar likita, wata mata mai furfura a gaban goshi, tana ɗan jin Hausar kasuwa. Ta gama da Yaya, maimakon ta sallame mu sai ta tsaya tana kallon hannun Inna da ke rawa a kan cinyarta. Ta sa ma'aikaci ya fita da shi waje.

"Ta yaya yake shan magani?" ta tambaye ni.

Na ce Inna ce ke ba shi, ba ya fashi.

"Na ji. Ta yaya take ba shi? Mama, ke nake tambaya."

Inna ta ƙara jan mayafi. Can ta juyo wajena, ba wajen likita ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ki ce ma lokotoro ba ya haɗiyar ƙwaya. Dakawa nake yi in sa a koko."

Tun kafin ta ƙarasa na tuna wa ke fara shan kokon. Na ce, "Inna, kokon da kike kurɓa?"

"Da kurɓa ɗaya ne," in ji ta. "Daga baya ya ce kurɓa ɗaya ba ta kashe mutum. Yanzu sai na sha rabi yake karɓa."

Na fassara wa likita. Ta ajiye abin rubutunta ta dafe kai. Ashe duk tsawon lokacin nan uwata na shan rabin maganin ɗanta kowace safiya. Shi bai samu abin da zai ishe shi ba, ita kuma tana ɗaukar abin da jikinta ba ya buƙata, a kan hawan jinin da ba mu ma san tana da shi ba sai da aka auna a ranar.

"Mama, don me ba ki faɗa ba?"

"Na fari ne," Inna ta ce, kamar ta gama bayani.

Sai da na zauna na warware wa likita abin da hakan ke nufi. Ina yi ina jin haushi na taso mini, ban san ko na wa ba. Na Inna, na al'adar da ta ɗinke mata baki, ko na likitocin da ba su taɓa duban kusurwar da take zama ba.

Likita ta kira Yaya ta yi masa magana da kanta, ba ɓoye-ɓoye, ta ce daga yanzu allura za a riƙa yi masa wata-wata, ba za a ƙara sa masa komai a abinci ba. Abin mamaki ya yarda, wai allura ai yana ganin ta da idonsa. Da za mu fita ta riƙe ni a baya. Ta ce, "Madam, marasa lafiya biyu kika kawo mini. Tansiyon mamanki ya yi sama sosai. Ga magani, amma magani kaɗai ba zai riƙe ta ba. Ki nemo mata yini ɗaya a mako da ba za ta ga ƙofar ɗakin nan ba. In ba haka ba, ita za ku fara kaiwa."

Na fito da maganar nan a kaina kamar tulu. Ni mai gaggawa ce tun ina yarinya, don haka a Juma'ar makon na kira ƙanwar Inna da ke Agontinkon, wadda muke ce wa Inna Ƙarama, na ce ta zo ta ɗauki 'yar'uwarta. Muka tura Inna kan zemijan, babur ɗin haya, tana waige. Na dafa tuwo da miyar kuɓewa, na shiga, na ci loma a gabansa na tura masa kwano. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya sa ƙafa ya kifar da shi. Ina cikin kwashe miya daga tabarma na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ko azahar ba a kira ba. Inna ce, mayafi a karkace. Ta ce an zuba mata abinci a can ya ƙi wuce mata wuya. Ta ɗaura zani ta sake ɗora tukunya, ni kuwa na shige bayan gida na yi kuka na haushi.

Inna Ƙarama ce ta kwantar da ni. Ta ce, "Ke da garaje. Abin da aka yi shekaru ana ɗaurewa ba a kwance shi da haƙori. Ki shiga kwanon tare da ita." Na ce wane kwano, na Yaya? Mace baliga da 'ya'yanta ta sa hannu a kwanon yayanta namiji? Ta ce, "Uwarki ta ajiye kunyar da ta fi wannan."

Haka muka fara. Da rana in bar wa maƙwabciyata rumfa, in hau zemijan in zo. Inna ta durƙusa ta ci lomarta, ni ma in miƙa hannu in ci tawa a bayanta, sannan a tura masa. Ranar farko ya ƙi ci sam, sai da na fita. Na koma washegari. Akwai ranakun da zai tsare ni da ido har in gama haɗiye lomar. Akwai ranar da ya ce, "Ke ce suka aiko." Ba zan ɓoye ba, a watannin nan na tsani Yaya wasu ranaku. Nakan dube shi in nemi mai turaren nan da ke kawo mana wagashi in rasa, sai wani mutum mai ƙasumba da ya cinye mini uwa da ranta. In na koma gida kuma tausayinsa ya hana ni sakat, don na san tsoron da yake ji gaskiya ne a wurinsa, ba shi ya zaɓa ba.

Allurar ta taimaka, ya fara barci, ya cire kwalin taga da kansa. Wata rana ina tauna lomata ya ce, "In akwai abu a ciki ke ma mutuwa za ki yi."

Na ce, "To, Yaya, sai mu tafi tare. Ka ga ba ka rasa 'yar rakiya ba."

Ya yi wani ɗan murmushi, rabona da ganin irinsa har na manta. Daga ranar muka juya tsarin, ni in fara Inna ta biyo. Bayan wani lokaci ta koma taɓa abincin kawai ta kai baki. Daga baya ta koma zama a bakin ƙofa yana hango ta. Ba a miƙe abin ya tafi ba. Da damina ta sauka ruwa ya cika lungunmu kamar yadda ya saba, ya shigo ɗakinsa, hankalinsa ya tashi, muka koma baya kamar ba mu taɓa farawa ba. Inna ta ce in bar wahalar da kaina, ita ta saba. Na ce mata ba saboda shi nake yi ba. Muka sake ɗaukowa daga farko.

Sai bayan ruwa ya janye muka sake gwada Juma'a. Wannan karon a gabansa Inna ta yafa mayafi, na gaya masa inda za ta da lokacin da za ta dawo. Da rana na shiga da shinkafa da wake. Ya leƙa bayana yana neman ta.

"Ina take?"

"Tana Agontinkon, Yaya. Kafin magariba tana nan."

Ya dubi kwanon. Can ya ce, "Ke ci." Na ci. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ya zauna yana kallon wuyana kamar yadda ya taɓa kallon na Inna, har shinkafar ta huce. Sannan ya jawo kwano.

Mun zaci Inna za ta yi hira a can, a sa mata lalle, ta zaga dangi. Inna Ƙarama ta ce tana shiga ta ga tabarma a inuwa, ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta, ba ta farka ba sai da aka tashe ta sallar la'asar. Juma'a ta biyu ma haka. Sai a ta gaba ne ta iya zama ta ci abinci har ta nemi ƙari. Wata Juma'ar suka tafi Placodji, bakin teku, sayen kifi. An ce Inna ta cire takalmi ta taka ruwa, ta tsaya tana ja-in-ja da masu kifi a kan farashi da Fonancinta na da, yaren 'yan garin, har ta yi dariyar da ta sa mutane waigowa. Duk wannan a bakin Inna Ƙarama na ji. Ni ban taɓa ganin uwata tana hutawa ba, don duk ranar hutunta ina durƙushe gaban kwanon Yaya. Abin yana yi mini ciwo har yau.

Juma'o'in ba su yi yawa ba. Rawar hannun ta ragu, fuskarta ta ɗan ciko, har wata maƙwabciya ta aiko mata goron suna ta ce za ta je. Amma jikin da aka yi shekaru ana tatsa ba ya dawowa don an ba shi yini ɗaya a mako. Wata safiya ta faɗi a bakin murhu da ludayi a hannu. Kafin a kai ta asibiti ɓarin jikinta na dama ya tafi, bakinta ya karkace.

Na raba kaina biyu, Inna Ƙarama a gefen gadonta, ni tsakanin Zongo da asibiti. A yini na biyu na ba Yaya abincin rana na hau zemijan na tafi, ko hannu ban tsaya wankewa da kyau ba. Na tarar idonta a buɗe. Tun da ta faɗi ba ta yi maganar da aka gane ba. Ta ga na shigo, ta yi ta motsa baki, na sunkuya na kai kunne.

Sunansa ta kira. Sunan yanka, cikakke, wanda tun da aka raɗa shi bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Inna Ƙarama ta sa hannu ta rufe nata bakin. Ta sake kiransa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe ana hana ta, sannan ta ce, "Ya ci?"

Na ce, "Ya ci, Inna. Ya cinye, har ya sha ruwa."

"Hannunki?"

"Hannuna."

Ta lumshe ido. Hannunta na hagu da ke damƙe da bakin zanina ya saki, ta yi barci irin wanda aka ce tana yi a Agontinkon. Wannan ne kaɗai hutunta da na gani da idona. Washegari da hantsi ta cika.

Zongo ta cika gidanmu, har waɗanda suka daina aiko goro. Kowa na cewa ta tafi da lada, ni dai ina amsawa da amin. Da aka watse na kwaso kayana daga Gbégamey muka dawo gidan da maigidana da yara, don ba a barin Yaya shi kaɗai. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi irin ta Inna ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A asibiti ina faɗin komai, har abin da ba a tambaye ni ba. In maigidana yana gari nakan sa shi ya durƙusa kusa da ni ya ci loma a bayana, Inna Ƙarama ma tana zuwa ta sa nata hannun duk da ciwon gwiwa. Har yanzu bai karɓi ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma rabona da gidan suna na manta.

Yaya bai taɓa tambayata ina Inna ba, ya ga fitar da aka yi da ita. Amma kullum in na ajiye kwano sai ya fara tura shi wajen bakin ƙofa, inda take zama, ya jira kaɗan. Sannan ya jawo shi ya turo gabana, in wanke hannu in ci lomar farko.